Zanen Malam Inuwa da idon Goggo Tani

Shekara goma sha ɗaya na yi ɗakina na kallon na Goggo Tani a cikin birnin Zariya, tun da Allah Ya karɓi maigidana. Sana'arta ɗinkin babbar riga. Ƙanin marigayi mijinta, Malam Inuwa, shi ke yi mata zane a kan shadda, ita kuma ta bi da allura. Shekara talatin suna haka, suna tsokanar juna. Duk unguwa an san ɗinkinta ba ya karkacewa.

Da damina a 1989 ta kira ni ta miƙo min wata riga.

"Umma, dubi zanen aska biyun nan, duk ya lanƙwashe. Inuwa ya soma gyangyaɗi a kan aiki."

Na duba, ban ga aibu ba. Amma wace ce ni a kan zane? Na ɗauka na kai masa, ya yi dariya ya sake. Ta ce wannan ya fi na farko lanƙwasa. Na uku kuwa ba wasa a cikinsa.

"Ki ce masa in hannu ya soma rawa ya ajiye alƙalami, kada ya ɓata min suna."

Wallahi na sassauta maganar a hanya, amma ya gane. Ya naɗe rigar ya ce, "Ki gaida matar yaya. Ta nemi mai zanen da ya fi ni." Daga ranar ya daina leƙo mu, ko ran Juma'a.

Abin da ya ɗaure min kai ya biyo baya. 'Yarta Jamilatu ta zo daga Gyallesu, ta tsaya a gabanta, Goggo ta ce, "Wace ce?" A wannan zaman kuma ta hango kaza a can gefe tana shiga kicin, ta kore ta. Matan gida suka soma cewa gani take, wanda ta so gani. Ni ma, Allah Ya yafe min, na yi wannan tunanin. Makaho na sani, mai ido na sani. Wannan ban san sunansa ba.

Jamilatu ta kai ta asibitin ido a Kaduna. Likita ya ce tsakiyar idon ce ta tsufa daga ciki, gefe na nan lafiya, tabarau ba zai gyara ba, kuma ba za ta rasa gani duka ba. Mun yi ta juya maganar, ba mu san ko jaje za mu yi ko barka ba.

Wata safiya ta ce in ja zare in miƙe shi tsakanin hannuwana.

"Kin ja sosai?"

"Har yana neman tsinkewa, Goggo."

Ta daɗe tana dubawa. "To a wurina ya lanƙwashe a tsakiya." Sannan ta ce, "Ashe bawan Allah nan na zalunta. Ɗauko min mayafi."

Muka sami Malam Inuwa a zaurensa. Ta gaishe shi, ya amsa a daƙile. Sai ta kau da kai, fuskarta na kallon bango, ta soma neman gafara.

"Yanzu ko kallona ba za ki yi ba?" in ji shi. "Bangon kika yi wa laifi?"

"Malam, sai a haka nake ganinka. In na fuskance ka, hula kawai ke nan da riga."

Ya dube ni, na ce haka likita ya faɗa. Ya matsa dama, ta bi shi da gefen ido. Ya ɗaga yatsu ya ce nawa, ta ce uku, kuma farcensa na son yanka.

Bai yi dariya ba. Ya ce ya yafe, duniya da lahira. Da za mu tafi ya tambaya ko ya yi mata zane mai kauri, ko za ta iya bi. Ta ce ba ta sani ba. Ni ma har yau ban san me take gani ba in na zauna gabanta.