Ya Shafe Zanen Babana da Fenti

Ina shiga shagon mai sa wa hotuna firem ɗin nan na unguwar Wunti, sai na hango zanen a jingine.

Na marigayi babana ne. Kwafin tsohon aikin mutanen Holan ne, irin wanda ake karce faifan ƙarfe a buga a takarda. Uba ne ya rungume ɓataccen ɗansa, kamar yadda yake a Littafi Mai Tsarki. Baƙi da fari, layuka sirara kamar gashi.

Gilashi kawai na ce a canja. Mutumin nan ya ɗauko fenti ya yi wa uban jar riga, har da jan kumatu!

Na ce, "Malam, wa ya sa ka?"

Ya yi murmushi. "Madam, gani na yi ya koɗe, shi ne na raya miki shi."

"Ba koɗewa ya yi ba, haka aka yi shi!"

Fuskar uban nan, wadda Baba kan nuna mana duk ranar da ɗayanmu ya yi laifi, ta ɓace.

Hoton yafiya ne, ga shi na kasa yafewa. Da ku ne, me za ku ce masa?