Tatsuniyar da Ba a Rufe Ba

'Yar kawuna ta Gashua sau ɗaya ta taɓa kallon bidiyo, a gidanmu na Nguru, wani fim na jiragen da ke yawo tsakanin taurari. Ba ta jin Turanci, ba ta kuma tambayi kowa ba. Ta koma gida da abin a kanta.

Da hutu ya zo aka kai ni wurin Kaka a Gashua, na tarar ta mayar da shi tatsuniya. Shekarunta ba su wuce sha biyu ba, ga baki kamar me. Muna zaune bakin kogi ana shanyar kifi, rana tsaka, ta fara, da Hausa saboda ni. Wai kogin nan ya ƙafe, ciyawa ta cinye fadama, an kwashe mutanen Gashua kaf a wani jirgin ƙarfe mai girman kasuwa an yi sama da su. A jirgin babu dare babu rana. Kowa ya manta Badanci, yaren garin, sai yarinya ɗaya, ita ke ba su labarin ruwa da kifi, kuma ranar da ta yi shiru jirgin zai tsaya cak a cikin duhu.

Tatsuniya da rana ma laifi ce, amma ba wannan ya tayar wa Kaka hankali ba. 'Yar kawun nawa ba ta rufewa. A gidan Kaka duk wanda ya buɗe tatsuniya sai ya rufe ta da wasu kalmomin Badanci da aka gada, in ba haka ba abin da ke cikinta yakan biyo mai bayarwa gida.

"Ke, rufe ta," in ji Kaka.

"Kaka, in na rufe ai yarinyar jirgin ta yi shiru ke nan. Jirgin ya tsaya."

Mu yara dariya muke yi. Ni har direbar sama nake ce mata.

Hutu na gaba a kwance na same ta. Ƙafafunta sun kumbura, fuskar ma haka, irin ciwon ƙodar nan da ya addabi garin. Duk da haka tana ci gaba, murya ƙasa-ƙasa: ruwan jirgin ya fara wari, mutane na kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Na daina dariya. Tsoro nake ji sosai, amma na kasa daina sauraro. Kaka ta roƙa, ta yi faɗa, ta yi kuka, yarinyar nan ta ƙi.

Ranar da magana ta gagare ta, tana numfashi sama-sama, Kaka ta damƙo hannuna. Ta ce sai wanda ya ji tatsuniya tun daga farko yake iya rufe ta, ita kuwa ba ta ji farkon ba. A ɗakin ni kaɗai na ji.

"Rufe mata, ɗan nan. Maza."

A Nguru na tashi, babana Bakano ne, Badancina bai wuce gaisuwa ba. Kaka ta faɗa mini kalmomin, na maimaita, suka karye a bakina. Ta sake faɗa a hankali. Ina cikin gwadawa ta saki hannuna, ta miƙa nata ta shafe wa yarinyar ido.