Tsohuwar Tanda Mai Gurbi Bakwai

Ƙyanda ta kama 'yata ta biyu tana shekara huɗu, wajen farkon shekarun tamanin, muna haya a wani gidan yawa a unguwar Fadikpe. Ta tashi, alhamdulillahi, amma ta tashi da shiru. Yarinyar da a da sai an roƙe ta ta rufe mana baki, ta koma sai kallo. Aka fara cewa wai zazzaɓin ya taɓa mata kai. Na yi kamar ban ji ba, amma wallahi abin ya tsaya min a rai.

Da ta shiga aji ɗaya, ba a yi wata ba malamarsu ta aiko kirana. Wai duk aji na rera ɗaya zuwa ashirin, ita ko baki ba ta buɗewa. In ba ta canza ba kafin hutu, gara in mayar da ita gida. Ji min magana! Sai ka ce kayan da aka sayo ba su yi ba.

Ni kuma da zafin kaina, kullum bayan la'asar sai in tsayar da ita, tsintsiya a hannuna: "Ce ɗaya! Ce biyu!" Ta kafe ni da ido, hawaye na zuba. In shige ɗaki ni ma in yi nawa.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Banufiya 'yar Bida mai suyar masa, ita ta fara gajiya da mu. Ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, ihunki ya ishe ni. Ko ni kika tsare haka sai in manta sunana." Ta miƙo min tsohuwar tandarta ta ƙasa, gefe ya ɓalle, saura gurbi bakwai. "Ba ta ta yi wasa. Ke kuma ki kame bakinki."

Raina ya ɓaci, amma na karɓa. Na wanke 'ya'yan tsamiya na zuba a gwangwanin madara. Muka mai da tandar gidan haya: kowane gurbi ɗaki, kowane ɗan tsamiya baƙo, ba a haɗa biyu a ɗaki. Yarinyar ta cika, ta kwashe, ta sake cikawa. Wani lokaci in saci biyu in ɓoye a bakin zani. Ta bi gurbi-gurbi da yatsa, ta dube ni, ta miƙo hannu. In na ba ta ɗaya, hannun ba ya sauka sai na cika. Na lura, amma na ji tsoron yin murna. Kwana da kwanaki ba ta ce uffan ba, ni kuwa kame bakin nan ya fi min daka wuya.

Wata safiyar Asabar ina tankaɗe a tsakar gida, yarinyar na zaune gefen dattijuwar tana kallon suya. Dattijuwar ta fara zuba ƙullu a sabuwar tandarta, mai saye ya ɗauke mata hankali. Sai na ji 'yar murya a dishe:

"Iya, saura ɗaki uku babu kowa."

Rariya ta suɓuce min, gari ya watse. Na rarrafo na leƙa tandar, na ƙirga da yatsa. Uku ne cif.

Dattijuwar ko kallona ba ta yi ba. Ta cika biyu, ta ce, "Yanzu fa?"

"Ɗaya."

Na zauna daɓas cikin garin, na fashe da kuka mai sauti. Yarinyar ta taso a tsorace, ta tsaya nesa kaɗan da ni.

"Mama, ban yi daidai ba ne?"

Na jawo ta da hannuwana duk gari, na ƙanƙame ta. Na ce, "Kin yi daidai, uwata. Ni ce ban yi ba."