Tagwayen Hajiya Talatu

Har gobe ba zan manta da ranar da muka yi wa Hajiya Talatu albishir da tagwaye ba, tana da shekara sittin da ɗoriya. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ku saurara.

Lokacin wayar salula ta fara yawa a hannun mutane, ina aiki a wani asibitin kuɗi da ke wajen Kwararafa a Jos, ni ne mataimakin mai kula da na'urori. Shugabana Oga Obinna ne, injiniya haifaffen Jos, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Shi ya zauna ya tsara mana sabuwar hanyar ɗaukar hoton ciki. Ya raba kayan gida uku: na'urar da ake gogawa a ciki, kwamfutar da ke ajiye hoton, sai allon da ke ofishin likita, waya ta haɗa su. In ɗaya ya lalace sai a cire shi a sa wani, aiki bai tsaya ba. Akwatin da muka jera su ma a kasuwar Katako aka ƙera mana, Oga ya sa kafintan ya sake shi har sau uku.

A da, Sista Nanret mai ɗaukar hoton takan rubuta abin da ta gani a takarda, mara lafiya ya kai wa likita. Oga ya ce zamanin takarda ya wuce. Yanzu kwamfuta za ta ba kowane hoto lamba bi da bi, likita kuma ya kira mutane bisa jerin katinsu. Na ɗaya da na ɗaya, na biyu da na biyu. Ni ma har tafi na yi masa.

Ranar da muka fara, mai katin farko wata matashiya ce, Maryam daga unguwar Dilimi, shekara biyar da aure ba haihuwa. Ta biyu Hajiya Talatu, mai ciwon mara. Sista ta ce Maryam ta je ta sha ruwa tukuna don hoton ya fito sosai, ta shigar da Hajiya kafin ta dawo. Kun ga hoton Hajiya ya zama na ɗaya ke nan, na Maryam da aka ɗauka bayan ta dawo ya zama na biyu, ba wanda ya lura.

Likita ya kira Maryam, ya duba allo, ya ce mata babu ciki. Ya rubuta mata magani ta fita tana share hawaye. Sai Hajiya ta shiga tare da mijinta, Alhaji Ɗanladi, tsohon direban tirela. Ina tsaye a bakin ƙofa don in ga yadda allon ke aiki. Likita ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

Ya ce, "Hajiya, abin da nake gani a nan... biyu ne."

"Biyu me, ɗana?"

"Tagwaye."

Hajiya ta dafe ƙirji ta yi salati. Ta ce, "Ni da jikata ke goyo?" Alhaji kuwa ya gyara zaman hularsa, ya dube ni, ya ce, "Yaro, ikon Allah ya fi da haka."

Sista da ta ji hayaniya ta leƙo. Kallo ɗaya ta yi wa allon ta ce, "Dakta, wannan ai na yarinyar nan ce! Ina take?" Nan dariya ta ɗauke, domin maganin da aka rubuta mata ba na mai ciki ba ne.

Katinta Dilimi kawai aka rubuta, sai sunan miji, Isa tela. Na hau acaɓa, Oga ya hau wani ya biyo ni, ko rigar aiki bai cire ba. Shagon tela huɗu muka shiga kafin mu dace. Muka tarar da Maryam a zaune kan benci, ledar magani a cinyarta, mijin ya aika a kawo mata ruwa. Oga ya karɓe ledar kamar zai yi faɗa, ya tsaya yana haki. Ni na yi bayanin. Isa ya sa na maimaita, sannan ya zauna a kan keken ɗinkinsa ya rufe fuska da yadin da ke hannunsa.

Da muka koma, Sista na jiranmu. Ta ce, "Oga, kwamfutarka ta iya layi. Mutanen Jos ne ba su iya ba." Washegari Oga ya ɗauko kujera ya zauna a ƙofar ɗakinta da littafi, yana rubuta yadda aikin ke tafiya a zahiri, mako guda cur. Daga nan ya gyara tsarin: hoto ba ya barin ɗakin sai an buga suna da lambar kati, kuma Sista ta sa bayaninta a ƙasa.

Abin da na koya shi ne, kafin ka zana na'ura, je ka zauna kusa da mai amfani da ita, ka tambaye ta ko da ta fi ka baki. Alhaji Ɗanladi dai har ya rasu bai yafe mana ba. Duk inda muka haɗu sai ya nuna ni ya ce, "Ga waɗanda suka ƙwace mini tagwaye."