Gangar Babana Ce Suke Tokare Ƙofa Da Ita

Ina tsaye a bodar Jibiya ina jiran motar Maraɗi ta cika, sai ji na yi an riƙo hannuna. Gwaggo Hure ce, ƙanwar babana.

"Ɗan Yaya, ka jiyo mini muryar tasa?"

Marigayi babana makaɗin gangar noma ne a Bugaje. Ina yaro wasu malaman jami'a suka zo suka naɗi waƙoƙinsa a kaset, suka roƙi gangarsa, wai za a adana saboda 'yan baya. Yanzu a jami'ar nake, a kan waƙoƙinsa nake bincike.

Na ce, "Gwaggo, na je laburaren jami'ar. Rufin yana yoyo, ruwa ya lalata kasusuwan. Ko rediyon saka su babu."

"To gangar fa?"

"Da ita suke tokare ƙofar sito."

Ta ce, "Ashe da sun bar mana abinmu. Ɗakina na ƙasa ne, amma ba ya yoyo."

Wallahi har yanzu raina tafasa yake. An gina katafariyar ƙofar shiga jami'a, an kasa sauya kwano guda! Ga ni zan tsallaka wata ƙasa, don an ce wani gidan rediyo can ya taɓa naɗar muryarsa.

Jama'a, ku gaya mini: in wannan ne adanawa, mene ne zubarwa?