Kunnen Masta Alasan

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shan koko da safen nan 'yarsa Ramatu ta kira ni daga Buokrom: Masta Alasan ya rasu. Har yanzu kofin yana inda na ajiye shi.

Ku yaran yanzu kun san shi tsoho ne mai sanda, marar son surutu. Ni na san shi lokacin da mutum sai ya shirya kafin ya yi Turanci a gabansa.

Tare muka koyar a wata firamare kusa da Ashanti New Town a nan Kumasi, shi malamin da ya gama kwaleji, ni ɗan koyo. Mutumin Yendi ne, kuma Allah ya ba shi kunne. A teburin mai shayi har baƙi ake kawo masa. Sai ya ce mutum ya faɗi "fifty people went to work by bus", ya rufe ido, ya gaya masa garin da ya tashi. Ɗan Kumasi wek da bas yake cewa, ɗan Legas wok da bos. Ya ce su kansu Turawa ba bakinsu ɗaya ba, matuƙan jirgin da ya ji a Takoradi ba sa magana irin ta rediyon London. Sai ya tsoma yatsa a ruwa ya zana alamun sautin a kan tebur, akwai wadda ya raɗa wa ƙwai mai ɗamara, akwai harafin e a kife. Yana ji da kunnen nan ƙwarai, ba zan rufa masa ba don ya mutu.

Abin dariya, Hausarsa ta Zongo ce zalla, mace da namiji duk "ya". Kullum sai ya ce, "Mma ya ci abinci?" ya miƙo mini wake da shinkafa a ganye in kai wa mahaifiyata.

Sunana a wurinsa Kano. A Zongo aka haife ni, mahaifina ɗan Salaga ne mai fataucin goro, ya kai ni Kano gidan abokin cinikinsa na yi boko a can. Da ya rasu na dawo in riƙe Mma, idonta ya fara tafiya, ba ta da kowa sai ni. Na dawo da Turancin Kano a baki, fifty pipti, people fiful.

Ƙarshen 1969 aka kafa dokar korar baƙi. Gidaje suka riƙa wayar gari babu kowa, ana sayar da gado da keken ɗinki a bakin titi. Ni ba baƙo ba ne, amma wa ya ajiye takardar haihuwa a Zongo a lokacin?

Masta ya fi ni tsorata. Kullum in an tashi yara sai ya tsare ni a aji da madubi da kyandir. Haƙori a kan leɓe, f. Rufe leɓe ka busa har wutar ta karkata, p. Ya zana alama a allo, in maimaita, ya dafa kai. "Kano, bakinka zai kai ka Kano."

Wata rana da hantsi aka kwashe mu daga tashar mota, duk wanda ba takarda. Aka tara mu a wani fili, babbar mota tana tsaye a ƙofa. Kowa yana rantsuwa shi ɗan ƙasa ne. Wani saja da ya taɓa ganin wasan teburin mai shayi ya aika aka zo da Masta.

Sai ga shi ya shigo da alli a rigarsa. Na san ba ya kuskure.

Aka jera mu, kowa ya faɗi jimlar. Da aka zo kaina, madubi da kyandir duk suka gudu daga kaina, Mma kawai nake gani tana laluben buta. Na buɗe baki, Kano ta fito tsaf.

Idon Masta a rufe. Ya daɗe haka. Sannan ya buɗe ya ce, "Saja, ni ban ji komai ba. Duk daya ne."

Sajan ya daka masa tsawa, ya ce ai da idonsa ya gan shi yana yi. Masta ya ce, "Wancan wayo ne, Saja. Mai shayi ne yake gaya mini garin mutum kafin ya zauna." A gaban jama'a sajan ya cakumi wuyan rigarsa, ya kira shi maƙaryaci, ya hankaɗa shi waje.

Sai la'asar aka ce wanda ke da mai shaida ya fita. Masta ne ya riƙo hannun Mma, tare da ungozomar da ta yanke mini cibiya. Na fita. Ba kowa ne ya fita ba, kuma har yau ina tuna fuskokinsu.

Daga ranar Zongo ta sa masa Masta Wayo. Har yara suna tsokanarsa. Bai taɓa kare kansa ba, bai kuma sake rufe ido don Turancin kowa ba. Ni kuma na riƙe Mma har ta cika a hannuna.

Bayan Babbar Sallah na je duba shi. Ya rame sosai. Muna hira sai ya ce, "Kano, fadi mini jimlan nan." Na gyara zama, na faɗa a tsanake, ni da gemuna ya yi fari a Kumasi.

Ya rufe ido. Ya yi murmushi.

"Kano. Fagge ma. Ran nan ma na ji, tun daga fifty."

Kuka kawai na yi.

Ya Allah, kai ne mai jin komai. Bawanka Alasan ya ji, ya rufa mana asiri, ya zubar da sunansa don kada a raba ni da uwata. Ka rufa masa nasa, ka haskaka kabarinsa, ka ba Ramatu da 'yan'uwanta haƙuri.

Jana'iza bayan azahar. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ka wuce sai ka yi masa addu'a, da kowane irin baki Allah ya ba ka.