Malam Sabi'u Ya Tafi, Littattafan Mutane Suna Ɗakinsa

Malam Sabi'u na garin Babban Mutum ya rasu.

Da safen nan ina shirya yara za su tafi makaranta matarsa, Anti Rabi, ta kira ni. Ta ce ya dawo daga sallar asuba yana cewa kansa na sara masa, ya zauna a bakin ƙofa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ku yi haƙuri da rubutun nan, hankalina ba ya jikina.

Ga waɗanda ba su san shi ba, ajinmu ɗaya a digiri na biyu, fannin ilimin laburare, kuma shi ne babbanmu. Ni ina aiki a laburaren wata makaranta a nan Daura, shi yana koyarwa a sakandare a ƙasar Baure. Duk ƙarshen mako mota ɗaya muke shiga mu tafi lakca.

Akwai kwas ɗin da ya kusa kore ni daga karatun, na dabarun nemo bayanai. Wato yadda ake tsara abin da aka adana, a kan kantar littattafai ne ko a kwamfuta, don mai nema ya same shi. Ga lissafi, ga Turanci mai kauri. Gwajin farko na faɗi warwas. A hanyar dawowa ya ga ina share hawaye da bakin mayafi, sai ya juyo.

"Malama Binta, rufe littafin nan. A ce na aike ki kasuwar Mai'aduwa ki tattaro min jajayen awaki, kin dawo da garke. Tambaya biyu zan yi miki. Cikin waɗanda kika koro, nawa ne ja? Cikin jajayen da ke kasuwar kuma, nawa kika baro a can? Duk lissafin da ya sa ki kuka bai wuce wannan ba."

Kuma bai wuce ɗin ba. Da awakin nan na ci jarrabawa.

Da na haihu a tsakiyar semista na ce na haƙura da karatun. Bai yi min wa'azi ba. Sai dai duk lakcar da aka yi ya naɗi bayaninta da muryarsa, da Hausa, ya turo min. A wasu har kukan tumakin gidansa ake ji. Suna nan a wayata. Yau na kasa buɗe ko ɗaya.

Aikin bincikensa kuwa, tsofaffin rubuce-rubucen ajami da na Larabci da ke gidajen malaman ƙauye yake yi wa fihirisa, yadda mutum zai rubuta kalma ɗaya ya ga a wane littafi take, a gidan wa. Shekara biyu yana bin gidaje a kan babur, daga Dutsi har bakin iyaka. Dattawan da ba sa bari ko 'ya'yansu su taɓa gafakarsu, shi suka ba shi aro, saboda sun san mahaifinsa. Ba ya yarda ya sa biro a takardar mutane. Ɗan kati yake ɗaura wa kowane ƙunshi da zare, ya rubuta lamba. Wace lamba ce ta wane gida, wannan yana cikin kwamfutarsa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati uku da suka wuce ne. Ya biyo ta wajen aikina ya nuna min inda ya kai. Yana ta murna ya koya wa kwamfutar cewa Mamman da Muhammadu da Muhamman suna ɗaya ne.

Na ce, "Malam, ka turo min kwafi mana, ko don ajiya."

Ya yi dariya. "Ki bari in gama share masa ƙazanta. Kunya nake ji ki ga aikin a haka. Wata mai kamawa in Allah ya kai mu."

Na ce to. Ni da aikina ke nan, ajiya. To kawai na ce, na koma kan abin da nake yi.

Ɗazu na je Babban Mutum. Kafin in isa har an kai shi. Bayan mun yi kuka mun gaji, Anti Rabi ta ja hannuna zuwa ɗakin karatunsa. Ƙunshi-ƙunshi a jere a kan tabarma, wasu a gafaka, wasu a tsumma, kowane da katinsa yana reto. Lambobi kawai. Babu sunan kowa.

Ta miƙo min kwamfutar ta ce, "Kullum cewa yake ke ce kika fahimci aikin nan. Ni ban san lambar buɗe ta ba."

Ni ma ban sani ba.

Zan fito ke nan aka ce wani dattijo daga wajen Kwangwalam yana son magana da ni a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi wa juna gaisuwar rashi.

Ya ce, "'Yata, na san yau ba ranar maganar ba ce. Akwai littafin mahaifina a wajensa, da hannunsa ya rubuta, shi kaɗai ya bar min. In an natsa, a tuna da ni."

Na ce, "Baba, in an shimfiɗa su a gabanka za ka gane shi?"

Ya ce, "Idon ya tafi, 'yata. In Malam Sabi'u ya zo, shi yake karanta min."

Na yi masa sallama, na rungumi kwamfutar na kamo hanyar gida.

Yanzu ga kwamfutar a gabana. Na gwada sunayen 'ya'yansa, na gwada na mahaifiyarsa. Wani ya ce masu gyara za su iya buɗewa, wani ya ce wani lokaci komai gogewa yake yi. Na kasa kai ta, na kasa barin ta. Shekara uku ina karatun yadda ake nemo abu, yau na rasa ta inda zan fara.

'Yan ajinmu, in akwai wanda ya taɓa turo wa ko shafi ɗaya na jerin nan, don Allah ya neme ni. Waɗanda kuma iyayensu suka ba shi aro, ku gaya musu kayansu na nan, ba abin da ya taɓa su, su ƙara mana haƙuri.

Allah ka jiƙan Malam Sabi'u, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa. Ka ba Anti Rabi da yaran juriya. Bawanka ne mai riƙon amana, Ya Allah, kada ka bar ta a wuyansa. Ka nuna mana yadda za mu sauke masa.

Duk wanda ya karanta har nan, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'arsa ta yau. Ya sa har da tsohon nan na Kwangwalam.